Kwantir ɗin da Kawu ya ji

Duk abin da zan manta a aikin asibiti, ban da safiyar da ƙanen mahaifiyata ya shigo ɗakin duba marasa lafiya ya rufo ƙofa da kansa. A Gaya nake aiki, ana mulkin soja, an tsaurara bincike a gadar kan iyaka. Amma shuɗiyar ƙwayar nan ta ƙarfin maza, da ba ta daɗe da fitowa ba, ta kwale-kwale take shigowa, har ta cika kasuwa.

Kawu masunci ne, mutum mai kwarjini, ko wasa ba ma yi da shi. Ni nake ba shi maganin zuciya, wanda yake sawa a ƙarƙashin harshe in ƙirji ya riƙe shi. Ya zauna, ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce wai wani abokinsa ne a Yelu abin ya yi masa sanyi, an ba shi labarin ƙwayar. Abokin kuwa, ikon Allah, shi ma yana da ciwon zuciya, kuma irin maganin Kawu yake sha. Na sunkuyar da kai, kunya kamar in nutse.

Ya ce mai sayarwar ɗan lakwal ne, wato ya yi boko, ya karanta masa takardar cikin kwalin. Turawa sun gwada, an dace, kuma ƙwayar har ciwon zuciya take yaƙa, don an rubuta kwantir, wato mai yaƙi da abu a Faransanci, a gefen sunan ciwon, kamar yadda ake rubuta kwantir tari a kwalbar maganin tari.

Ashe ya taho da takardar. Na karɓa na duba. Abin da ke jiki contre-indiqué ne, wato an hana. Mutumin ya karanta rabin kalma ya ƙarasa sauran da ka. Wanda ya haɗa ƙwayar nan da maganin ƙarƙashin harshe, jininsa zai iya sauka lokaci guda, sai dai a ɗauke shi.

Ni mutum ne mai saurin baki, amma ranar na bi a hankali. Ban ce masa maganin ƙarya ne ba, don ba ƙarya ba ne. Na taɓa karanta bayanin gwajin sosai. Na ce masa an raba maza kashi biyu, wasu aka ba su ta gaske, wasu aka ba su ƙwayar da babu komai a ciki, ba wanda ya san tasa. Masu ta gaske sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Amma har cikin masu shan holoƙon an sami waɗanda suka rantse sun warke, shi ya sa yabon da ake yi a bakin kogi bai isa shaida ba. Wanda bai dace ba kuwa, ai ba zai tsaya a kasuwa ya faɗa ba.

"Kawu, gwajin yana da kyau," na ce, "amma ba da irin abokinka aka yi shi ba. Masu shan wannan maganin zuciyar tun daga ƙofa aka mayar da su, don an san zai iya kashe su."

Sai ya cire hularsa, ya zaro wani ɗan ƙulli daga cikin naɗinta, ya ajiye a teburina.

"Ɗana, yau na yi niyyar sha. Riƙe ta a wajenka."

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai. Na rubuta masa takarda zuwa wajen likita a Dosso, ya je, kuma har ya koma ga Allah shekaru da yawa bayan haka, ba mu sake tayar da zancen ba.

Tun ranar, duk maganin da aka ce mini an gwada yana aiki, ba na musu. Sai dai in tambaya: a kan wa aka gwada, wa kuma aka hana shiga? Da ban yi wannan tambayar ba, da da hannuna zan yi wa Kawu wankan gawa.