Kaset ɗin 'Yan Gawo

Ranar wata Asabar ce da hantsi, a kakar shekarar da nake aji biyar na firamare a Tambuwal. Inna ta ce in shiga tsohon rumbunmu in kwaso ragowar geron bara kafin a zuba sabo, don ni ce auta, ni ce mai ƙaramin jikin da ke shige bakin rumbun ba wahala. Na dira ciki, ƙaiƙayi na cizona a wuya, ina miƙo mata dami ɗaya bayan ɗaya. Da na kai ƙasa sai hannuna ya taɓa wani dogon abu mai tauri, naɗe cikin tsohon bargo. Na warware shi a ɗan hasken da ke shigowa ta sama. Jita ce ja, irin mai aiki da lantarki, da tsirkiyoyin ƙarfe shida. A bayanta an manna hoton samari huɗu, sun tara suma, wandunansu masu buɗaɗɗiyar ƙafa. Na biyu daga dama ya rataya wannan jitar, yana dariya har ana ganin haƙoransa duka. Na daɗe ina kallonsa kafin zuciyata ta yarda cewa Baba ne.

Dole in faɗi ko wane ne Baba a lokacin, don a gane abin da ya sa hoton ya ba ni mamaki. Malam Sahabi malamin lissafi ne da ya yi ritaya, kuma shi ne ladanin masallacin unguwarmu. Da muryarsa unguwa ke tashi, da ita ake rufe shaguna. Idan rediyo ya gama labarai ya saki kiɗa, hannunsa na kan maɓalli tun kafin ganga ta biyu. Ban taɓa jin ya yi ko fito ba. Da na miƙo wa Inna jitar ta bakin rumbu, ta ja da baya kamar na miƙo mata maciji, ta ce, "Gero nic ce ki ɗauko, Rukayya. Mi ya kai ki can ƙasa?" Sai kuma ta zauna bakin turmi, ta share hoton da gefen zanenta.

Muna sussuka ta ba ni labarin. Tun kafin a haife mu, Baba da abokansa uku suna kwalejin horon malamai a Sakkwato, wani malaminsu ya riƙa sa musu faya-fayan wasu makaɗan Turai masu jita da ganguna, waɗanda waƙarsu ɗaya kan cinye fuskar faifai guda, ta fara a hankali, ta zabura, ta sauya salo sau biyar kafin ta ƙare. Su ma suka kafa tasu ƙungiyar, suna irin wannan dogon kiɗa da Hausa. Suka kira kansu 'Yan Gawo, wai don komai nasu a saɓa yake, kamar itacen da ke kaɗe ganye da damina. Baba ke jita, yayan Inna Kawu Ummaru na Kebbe ke ganguna, Malam Jibo ke waƙa. Na huɗunsu, mai fiyano, ya rasu a haɗarin mota, daga nan suka watse. Inna ta ce akwai wani ma'aikacin gidan rediyo, Malam Ɗahiru, da ya yi wata da watanni yana zarya wajen Baba a kan su sake haɗuwa su yi sabon kaset, Baba yana ce masa a'a.

Da Baba ya dawo daga azahar ya tarar da jitar jingine da turmi. Na ɓuya bayan Inna ina jiran faɗa. Ya ɗauke ta, ya shafa da babban yatsa, ya ce, "Tsirkiyoyin sun yi tsatsa." Bayan mako ɗaya ya aika wa Malam Ɗahiru cewa ya amince.

Ranar da aka faɗa a rediyo cewa 'Yan Gawo za su fitar da sabon kaset, sai na gane rabin dattawan garinmu sun san abin da ni ban sani ba. Tsofaffin da nake gani da carbi a majalisa suka fara kwaikwayon jita da baki. Wasu mutum biyu suka zo kan babur tun daga Jabo don kawai su tambayi Baba ko gaskiya ne. Amma duk wanda ya gama murna sai ya kalli hannuwan Baba da fartanya ta ƙanƙarar, ya ce Allah dai ya sa a dace. Yayana Nura, da ba ya jin komai sai waƙoƙin fina-finai, ya ce su ukun ko an haɗa haƙoransu ba za su cika baki ɗaya ba. A makaranta kuwa, da mun fito tara muna 'yar carafke a gindin darbejiya, sai in ji an ce, "Ga ɗiyar makaɗi." Ni kuma in ɗaga kai in ce su jira kaset ya fito, za su sha mamaki.

Wata la'asar Liman da dattawa biyu suka zo zaurenmu. Ina bayan ƙyaure da butar da aka aike ni da ita, na ji Liman yana cewa cikin taushi, "Malam Sahabi, mutane na magana. Ko za ka jingine kiran salla har ka ƙare wanga aiki?" Na tabbata Baba zai ce ya fasa kiɗan. Sai na ji ƙarar makulli, Baba ya ciro na ɗakin lasifika daga aljihu ya miƙa wa Liman. Washegari da asuba wata baƙuwar murya ta kira salla. Na farka na kasa gane inda nake. Da na leƙa tsakar gida na ga Inna tsaye da buta a hannu, ba ta motsi har aka gama.

Da aka yi hutu Baba ya tafi da ni Kebbe, don a can suke gwaji, cikin wata rumfa a gonar mangwaron Kawu Ummaru, nesa da kunnen mutane. Ni ina gidan Kaka tare da 'ya'yan Kawu, Balki da Nana. Da safe mu ɗebo ruwa, mu share tsakar gida, mu kora awaki, sannan mu kama daka. Mu uku a turmi ɗaya muke lugude, muna rera wata waƙar daka da Kaka ta koya mana, ni ke bayarwa suna amsawa. Malam Ɗahiru kan zauna a inuwar ɗorawar ƙofar gida da na'urarsa a cinya yana murɗe-murɗe, mu dai mun ɗauka gyara yake yi.

Rana ta uku aka ba ni fura in kai musu gona. Tun daga nesa nake jin kukan janareto, na ƙara sauri, don a tunanina yau zan ji abin da ya sa Baba ya ba da makullin masallaci. Na tsaya bayan wani mangwaro da ƙwarya a kai. Abin da na ji bai yi kama da kiɗa ba. Yatsun Baba na zamewa, jitar na ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Kawu Ummaru, da kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, ya yi gaba da gangunansa shi kaɗai. Malam Jibo ya ja murya zai hau sama, ta karye a tsakiya, ya duƙa yana tari. Suka sake, suka sake, kowane ya fi na baya muni. Daga ƙarshe Kawu ya yar da sandunansa ya ce, "Sahabi, ba mu iyawa. Mu koma gida da mutuncinmu." Baba bai ɗago kai ba, ya ce, "Ni nawa na baro shi Tambuwal, Ummaru. Ɗauki sandunanka." Na ajiye furar a bakin rumfa na juya da gudu, ban bari sun ga fuskata ba.

Da muka koma makaranta 'yan ajinmu suka kewaye ni suna tambaya. Na ce musu ban taɓa jin kiɗa mai daɗinsa ba. Daga ranar, duk sallar da na yi sai na roƙi Allah kada kaset ɗin nan ya fito. Kuma kamar an amsa mini. Aka ce bayan ƙaramar salla, salla ta wuce. Aka ce wata mai zuwa, shi ma ya wuce. Surutu ya yi yawa a gari: wasu su ce zaren kaset ɗin ne ya cukurkuɗe, wasu su ce Malam Ɗahiru ne ya saurara ya ji kunyar fitarwa. Mutanen Jabo suka daina zuwa. Baba kullum yana sahun farko a masallaci, yana amsa kiran sallar wani. Idan na ga haka sai in ji kunyar addu'ata, in ce to ya fito. In na tuna rumfar Kebbe kuma in janye.

Cikin bazara, ana tsananin zafi, Malam Ɗahiru ya iso da kwali ɗaure a bayan babur. Bayan la'asar Baba ya fito da rikoda ƙofar gida, ya sa mata sababbin batura. Kafin a shimfiɗa tabarma ta biyu wuri ya cika, har da waɗanda suka fi kowa yi masa dariya. Mu mata muka taru a zaure, ni ina riƙe da ƙwaryar ruwa. Baba ya danna.

Ba jita aka fara ji ba, ba ganga ba. Ƙarar taɓarya ce, guda uku, suna faɗawa turmi bi da bi. Mutane suka kalli juna. Can sai gangar Kawu ta shigo, ta bi sawun taɓaren daidai, ba ta wuce ba, ba ta makara ba. Sannan jitar Baba, a hankali, tsirkiya ɗaya-ɗaya, kowace sai ta gama kukanta ta mutu kafin wata ta biyo. Malam Jibo bai yi ƙoƙarin hawa sama ba. Da muryarsa ta tsufa, mai kaushi, ya riƙa magana da abokinsu da ya rasu, yana ba shi labarin abin da ya faru a bayansa: wanda ya yi aure, wanda ya makance, rijiyar da ta ƙafe. Kiɗan ya kumbura, ya sauya, ya yi zafi har awakinmu suka miƙe, sannan ya yanke gaba ɗaya, ya bar taɓare kawai. A cikin wannan shirun wata yarinya ta ɗaga murya tana waƙar daka, wasu biyu na amsa mata.

Sai da ta kai baiti na biyu na gane ni ce. Ƙwaryar ta suɓuce daga hannuna, ruwa ya malale a zaure, ba wadda ta ko duba. Inna ta damƙe wuyan hannuna har ya yi mini zafi. Ban taɓa jin muryata daga waje ba, siririya, ba tsoro a cikinta ko kaɗan, ga jitar Baba ta dawo tana binta a baya kamar mai rakiya. A waje na ji wani ya ce, "Wagga ɗiyar wa ta?" Baba ya ce, "Autata ta."

Ba zan ce kaset ɗin ya burge gari ba. Samari suka ce ba a iya rawa da shi. Ɗaya daga mutanen Jabo ya zo ya saurara har ƙarshe, ya share ido, ya ce ba 'Yan Gawon da ya sani ba ne, ya hau babur ɗinsa. Nura kuwa na sha kama shi yana juya kaset ɗin da biro don kada batur ya ƙare. Ni kuwa kwana uku ban iya haɗa ido da Baba ba, sai shi ya kira ni yana gyaran fartanya. Ya ce, "Ummaru ba ya jina, ni ba ni jin shi. Amma da Ɗahiru ya sa muna lugudenku, duk munka ji turmi. Shi munka bi." Ya ƙara da cewa ya so ya nemi izinina, ya ji tsoron in ƙi. Liman ya aiko daga baya a kan ya koma kiran salla, Baba ya ce a bar yaron da ya gaje shi, muryarsa ta fi kaiwa nesa. Malam Jibo ya rasu kafin kaka ta zagayo, ba su sake yin wani ba.

Yanzu ina Sakkwato ina koyarwa, Baba da Kawu duk sun riga mu gidan gaskiya. A Kebbe ma inji ake kai gero, da wuya ka ji turmi uku-uku da hantsi. Bara wani ɗan'uwa ya turo mini kiɗan a waya, na tara 'ya'yana na ce su ji kakansu. Suka saurari taɓare na ɗan lokaci, babban ya tambaya ko waƙar ba ta fara ba ne, ƙaramar ta sa yatsa ta wuce zuwa wata. Muryata sai can tsakiya take shigowa, ba su taɓa kaiwa wurin ba, ni ma ban gaya musu ba. Nakan sa abina in ina tsintar shinkafa, in bar shi ya tafi da tafiyarsa. Jira bai taɓa yi mini tsawo irin na wancan kaset ba, ban kuma sake yin jiran da ya biya ni kamarsa ba.