Naman Barewar da Inna Ba Ta Ci Ba

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina aiki a wani shagon nama a unguwar Mount Hope da ke yankin Bronx na birnin New York, mahaifiyata ta zo New York ganin likita saboda ciwon zuciya. Muna zaune a unguwar Highbridge ni da matata da yaranmu biyu, sai muka ba ta ɗakin yaran, su kuma suka dawo falo. Magani yana tafiya yadda likitoci suke so, abinci ne dai ta ƙi. Ni mahauci ne, ɗan mahauci, babu irin naman da ban kawo gidan nan ba, amma sai ta yi loma biyu ta ture kwano. Kajin nan ta ce ba su da ɗanɗano, ragon kuma wai warin firiji yake yi.

Wata rana muna hira ta ce abu ɗaya ne ranta yake so, naman barewa. Kawunta maharbi ne a ƙauyensu, can arewa da Katsina, kuma rabonta da naman tun kafin a yi mata aure. Na yi dariya na ce, "Inna, barewa a Bronx?" Ta ce ita dai ta faɗa.

Ina da wani aboki ɗan Damagaram, wanda muka zauna ɗaki ɗaya a unguwar Morrisania farkon zuwanmu. Daga baya ya koma Colorado yana tuƙin tirela, a can abokan aikinsa suka koya masa farauta har ya sami lasin. Na ba shi labarin a waya cikin raha, na manta. Da sanyi ya fara shigowa sai ga kiransa. Ya harbo namiji, irin barewar tasu ta can mai manyan kunnuwa kamar na alfadari. Ya ce ya yi bisimilla kafin ya harba, ya kuma same ta da rai ya yanka. Yana da lodin da zai kawo New Jersey, zai biyo da rabon Inna.

Ya iso da babbar kula cike da ƙanƙara. Naman tsoka ce zalla, babu ƙashi ko ɗaya, don dokar jiharmu ba ta yarda a shigo da barewa sukutum daga wata jiha ba. Ya haɗo da ƙahonnin, da muƙamuƙin ƙasa an wanke shi fes, wai in nuna wa yara. Bayan ya durƙusa ya gaida Inna, sai ya ja ni kicin.

"Akwai magana," ya ce. "A yankin da na yi harbin akwai wata cuta da ke kama barewa, CWD suke ce mata. Ƙwaƙwalwa take ci, dabba ta yi ta ramewa har ta mutu. Amma tana daɗewa a jiki ba a gane ba. Ma'aikatan daji sun yanki wani abu a wuyanta sun kai gwaji. Kar a taɓa naman nan sai na kira ka."

Na ce ai wuta za ta kashe koma mene ne. Ya girgiza kai, ya ce wannan ba ta jin wuta, haka suka gaya masa. Ba a taɓa tabbatar da ta kama mutum ba, amma hukumar lafiya ta ce kar a ci in an same ta. Ya ƙara da cewa an fi samunta a manyan maza masu shekaru, ƙanana ba su cika ɗauka ba.

Wannan maganar ta ƙarshe ita kaɗai kunnena ya riƙe. Idan dai shekaru ne, ai an zo gidana. Tun ina yaro nake buɗe bakin rago a kasuwa in faɗi shekarunsa.

Washegari na tafi shago da muƙamuƙin da ƙahon a leda. Nan na tarar da matsala ta farko. Mu haƙoran gaba muke dubawa, su kuma na tsakiyar babu su, ma'aikatan sun cire sun aika wani wurin gwaji, inda ake yanka saiwar haƙori a ƙirga zoben da ke ciki kamar na kututturen itace. Turame, wato haƙoran tauna na ciki, su kawai aka bar mini. Ban bari wannan ya dame ni ba. Na juya shi, na shafa da babban yatsa, na ce shekara biyu, in ta yi yawa uku.

Maigidan shagon, mutumin Kumasi ne, ya ɗauki ƙahon ya ƙirga rassansa ya ce kowane reshe shekara guda ne. Wani direban tasi da ya shigo sayen ganda ya ce ƙarya ne, waɗannan kowace shekara ƙahonsu yake faɗuwa ya sake tsirowa, shi ya gani a talabijin. Wani dattijo ya ce a duba kaurin gindin ƙahon. Har layi ya taru muna musu a kan dabbar da babu wanda ya taɓa ganin irinta tana tafiya a cikinmu. Na koma gida da shekaruna biyu, ban rage ba, ban ƙara ba.

Matata tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ta saba da jiran sakamakon asibiti. Na ce mata ƙaramar barewa ce, na duba, a ɗan yi wa Inna farfesu.

"Baban yara, ragon Sallah ka duba ko barewar Colorado?" ta ce. "Mai naman da kansa ya ce a jira. Me zai ragu in mun jira?"

Abin da zai ragu shi ne Inna, duk da ban faɗa ba. Kullum tana ƙara zubewa. Ta san naman yana cikin firiza, kuma duk safiya sai ta tambaya, "An yi wayar?" Rannan ta ji muna ja-in-ja a kicin, ta ɗaga murya daga ɗaki: "Kai wannan, cutar da sai ta shekara da shekaru kafin ta nuna, ina za ta same ni? Ku dafa mini abina." Matata ta shiga ta zauna a bakin gado tana lallashinta. Ni kuwa na fita na tsaya a bakin titi ina kallon motoci suna hawa tudu. Sau biyu a makonnin nan na ciro ƙulli ɗaya daga firiza, na mayar.

Ina tsakiyar sara ƙafar saniya a shago abokina ya kira. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "An same ta." Ya yi ta ba ni haƙuri kamar shi ya sa mata cutar. Ya ce wallahi da ya gan ta a kan dutse, babu mai ƙiba da ƙyallin gashi kamarta. Nasa rabon ma zubarwa zai yi.

Da yamma na shiga wurin Inna na gaya mata. Matata tana tsaye a bakin ƙofa. Na ce har yanzu dai ba a taɓa ganin ta kama mutum ba, in tana so zan dafa mata kaɗan a tukunya daban, ita kaɗai.

Inna ta dube ni. Sai ta ce, "Yaran za su ci?"

Na ce a'a.

"Kai fa?"

Na girgiza kai.

"To, in zauna ina tauna nama jikokina suna kallona, in sun miƙo hannu in buge? A fitar da shi daga gidan nan. Ka kira yaron nan ka ce na gode, Allah ya yi masa albarka, ya sha wahala."

Na ƙulle naman a baƙar leda biyu kamar yadda aka gaya wa abokina, na sauka da shi wurin shara. Ja wur yake, babu wari, babu tabo. A aikina ban taɓa zubar da nama mai kyan wannan ba.

Sakamakon haƙoran ya zo daga baya, bayan an daina maganar. Shekararta biyar da ɗoriya. Na gaya wa mutanen shago, maigidan ya ce ai shi ya fi kusa, direban tasin ya ce dace ne kawai. Abokina ya ce ma'aikacin da ya duba bakinta a can ma bai yarda ya yanke ba, cewa ya yi ta wuce uku, sauran sai an yanka haƙori, don cin turame ya danganta da abin da dabba take kiwo. Mutumin da aikinsa ke nan ya tsaya a "ta wuce uku", ni da ban taɓa ganin barewar ba na ba da shekara har da rantsuwa.

Yanzu in na tuna, na san ba muƙamuƙin nake dubawa ba. Na riga na yanke cewa Inna za ta ci naman, sai na nemo shekarun da za su ba ni dama. Da an ce tsofaffi ne ba sa kamuwa, da na ga tsufa a haƙoran nan.

Inna ta gama ganin likita ta koma gida kafin zafi ya shigo, ta ƙara shekara guda da 'yan watanni, Allah ya karɓi abarsa. A kakar da ta biyo bayan rasuwarta abokina ya sake kawo nama, wannan karon gwaji ya fito lafiya. Matata ta yi farfesu. Yaran suka ɗanɗana, suka ce da Turanci ya yi tauri, suka koma kan shinkafarsu. Na cinye kwanona ni kaɗai. Nama ne mai ƙamshin ganye, babu kitse, yana da ɗan ɗaci a ƙarshe. Ko shi ne ɗanɗanon da take nema, ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya.