Gwaggo da 'Ya'yan Ɓeraye

Da na je Rurum hutu, Gwaggo, ƙanwar Babana, ta tambaye ni aikina a jami'a. Na ce hoton zuciya nake yi wa 'ya'yan ɓerayen da suka gaji ciwon zuciya. Ni kuwa sakarai, sai na hau bayani ina hura hanci: a ba su maganin barci, a aske musu ƙirji, har shimfiɗa ake ɗumama musu kada sanyi ya kama su.

Gwaggo, wadda ta yi wata uku tana zarya zuwa Kano neman irin wannan hoton, ta dubi kumburarrun ƙafafunta.

"To ɗana," in ji ta, "ni ma wajen uwata na gada. Wa ake gani a sa mutum cikin ɓerayen?"