Ƙofa a Rumbu Cike da Hatsi

Ni ce 'yar fari, don haka mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma cika yi mini magana kai tsaye ba. Kunyar ɗan fari ke nan a gidanmu. In yana da zance, sai ya faɗa wa ƙanwarsa, Goggo, ko da ina zaune a gabansa.

Wata shekara na zo Filinge hutu, ina neman izininsa in koma Faransa in ƙarasa bincikena. In ya ce a'a, na zauna ke nan. Goggo kuwa ta riga ta gama da ni a gari. Da ta ji aikina a kan yis ne, mai kumbura ƙullu, sai ta shaida wa kowa na tafi koyon suyar masa. Haushi kamar in fashe, ga shi masata ko kaji sai sun yi shawara kafin su ci.

Da hantsi ni da Goggo muka sami Baba yana yaɓen rumbu.

"Tambaye ta," ya ce wa Goggo, "mi taka biɗa cikin ƙullu?"

Na fuskanci Goggo na yi bayani. Yis halitta ce da ido ba ya gani. A cikinta akwai ɗan ɗaki inda gadon halittarta yake ajiye, bangonsa duk ƙofofi masu tace abin shiga da na fita. A jikinmu, in ƙwayar halitta za ta rabu biyu, bangon rushewa yake yi, a sake ginawa da ƙofofinsa. Na yis ba ya rushewa. To yaya ake sa sabuwar ƙofa, kayan ciki ba su zube ba? Abin da muke bincike ke nan.

Goggo ta yi hamma. Shi kuwa hannunsa ya tsaya a jikin rumbu.

"Rumbu cike da hatsi?" ya ce. "Sai dai a kahwa iccen ƙohwa tukuna, shi kama, sannan a huda."

"Hakanan muka tsammani, Baba! Amma ta ciki aka hwarawa ko ta waje?"

Ya juyo ya dube ni. Ni, ba Goggo ba.

"Ke ma ba ki sani ba?"

"Tukuna."

"To zaman mi kika yi nan? Koma ki gano, ki taho ki hwaɗa mini."

"Wato ni an sallame ni daga aike?" in ji Goggo.

Baba ya sunkuyar da kai ya ci gaba da yaɓe. Daɗi ya kama ni. Na naɗe hannun riga, na shiga miƙa masa laka.