Lubabatu Mai Rainon Lu'ulu'u

Idan ka shiga unguwar Ruwais a Jidda ka tambayi Lubabatu, za a ce maka wacce daga ciki. Amma ka ce Lubabatu mai lu'ulu'u, ko mai kantin bakin layi da ba ya jin Hausa zai nuna maka ƙofarta. Abin haushin shi ne wannan baiwar Allah ba ta taɓa mallakar ko ƙwaya ɗaya ba.

A Jidda aka haife ta. Iyayenta mutanen Damagaram ne, sun taho aikin Hajji ta ƙasa, suka sauke farali, komawa ta gagara, suka yi zamansu. Tana 'yar budurwa uwarta ta kai ta aikatau unguwar Bagdadiyya, gidan wasu attajirai da suka gaji fataucin teku kaka da kakanni. Uwargidan, Sitti Wafa', mace ce mai zaƙin baki. Idan ta aike ka wahala sai ka ji kamar kyauta ta yi maka.

A gidan akwai wata sarƙa ta lu'ulu'un teku, jeri biyar, tana sauka daga wuya har ƙirji. Kakan maigidan ne ya tara ƙwayoyinta daga hannun masu nutso na tsibiran Farasan, tun zamanin da mutum ke shiga ƙarƙashin ruwa da numfashi ɗaya da dutse ɗaure a ƙafa, ya fito da kawa mai lu'ulu'u a ciki, wani lokaci ya fito jini na zuba ta kunnensa. Aka kai Bombay aka huda, aka shirya a zaren siliki. Daga baya Japanawa suka gano yadda ake kiwon lu'ulu'u, sana'ar nutso ta mutu murus, irin wannan sarƙa kuwa ta zama abin da ba a sake yin kamarsa.

To, tsofaffin matan gidan sun yi imani lu'ulu'u abu ne mai rai. In an daɗe da kulle shi a akwati sai ya dushe, ya yi rawaya-rawaya, su ce ya kamu da ciwo, kuma maganinsa ɗaya ne, ɗumin jikin mutum. Ita Sitti Wafa' ba ta iya wuni ba turare, ga shi turare yana cin lu'ulu'u, ga sarƙar da nauyin tsiya. Sai aka shiga gwada ta a wuyan 'yan aiki ɗaya bayan ɗaya. Aka ce jikin Lubabatu ne ya karɓe ta.

Daga nan aikinta ya zama raino. Da safe Sitti za ta ɗaura mata sarƙar da hannunta, ta kulle maɗaurin da wani ɗan mitsitsin makulli, ta jefa makullin a jakarta. Lubabatu ta ja riga mai dogon wuya ta rufe, ta kama shara da ninkin kaya. Aka ɗauke mata girki saboda hayaƙi da maiƙo, sauran 'yan aiki suka ɗora mata karan tsana a kan haka. Ranar da take ɗauke da sarƙa ko bakin ƙofa ba ta leƙawa. Sannan ba humra, ba turaren wuta, ba man shafawa mai ƙamshi, har a ranakun hutunta, wai ƙamshi yana kwana a fata.

Ka ji fa! 'Yar Damagaram ba turaren wuta. Da aka aurar da ita ga Ya'u, wani lebura da ke aiki a Madinar Masana'antu, wato unguwar masana'antun Jidda, amarya ta shiga ɗaki tana ƙamshin sabulun wanka. Ƙawayenta suka yi ta yi mata tsiya, ta ce su ba za su gane ba. Gaskiya ne kuma, tana alfahari da abin. In ta cire sarƙar da yamma ta ga yadda ƙwayoyin suke ƙyalli, sai ta ji daɗi irin na uwar da ɗanta ya yi ƙiba.

A wancan zamanin manyan gidaje suna ara wa amaren talakawa kayan ado. Uwar amarya za ta cika faranti da alawa, ta rufe da ƙyalle mai kyau, ta je ta gaishe da uwargida. Ba a ma cika buɗe baki a roƙa ba, farantin ya isa magana. A juye alawar, a kwantar da sarƙa a ciki, a mayar da ƙyallen, ta nufi gida, mata su tare ta a bakin layi da guɗa. Lubabatu ta raka sarƙar nan gidajen biki ba adadi. Tana zama a bayan amarya, idonta a kan maɗauri, kowa na rawa ita tana gadi.

Da auren 'yarta Hajara ya zo, ita ma ta cika farantinta ta kai. Sai ta tarar Sitti Wafa' na haɗa akwatunan tafiya Alƙahira, bikin 'yar ƙanwarta, kuma da sarƙar za a tafi. Sitti ta riƙe hannayenta biyu, idonta har da ƙwalla.

"Ma'alesh, ki yi haƙuri, ya Lubaba. Wallahi jikarki ce za ta sa ta. Ni na faɗa miki, ki riƙe wannan."

Ta riƙe kuwa. Da ta koma gida ta gaya wa Ya'u, ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "To, ɗora alkawarin a wuta, in ya nuna ki zubo mana."

Ya'u yana da dalilin ɗacin bakinsa. Ranar da inji ya markaɗe masa yatsu a masana'anta, an bugo waya gidan Bagdadiyya da azahar. Lubabatu na ɗauke da sarƙa, makulli na jakar Sitti, Sitti kuma na barcin rana, ba a tashinta. Ta tsaya a ƙofar ɗakin, ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, ta sauke, ta sake ɗagawa. Ba ta isa asibiti ba sai bayan magariba. Ya'u ya juya fuskarsa bango. Har ya bar duniya, in ransa ya ɓaci, matar sarƙa yake ce mata.

Shekaru suka ja. Ya'u ya rasu, Sitti Wafa' ma ta bi, aka mai da gidan Bagdadiyya ofisoshi. Lubabatu ta koma Ruwais da gwiwoyi masu ciwo da alkawari guda. Mish'al, babban ɗan Sitti, shi ne ya ci gaba da zama kafilinta, mai tsaya mata a wurin hukuma, duk shekara yana sabunta mata iƙama, takardar izinin zama, saboda haka ko a mafarki ba ta ɗaga wa 'yan gidan murya. Ita dai tana kallon Zakiyya, 'yar Hajara, tana girma, tana auna wuyanta da ido.

Sai ga Muktar, wani ɗan Kano da ya zo aikin kwantiragi a wani kantin magani, ya nemi auren Zakiyya. Aka sa rana. Aka ce mahaifiyarsa da gwaggonninsa za su zo daga Kano. Lubabatu ba ta bar gida ɗaya a layinsu ba. Kowa ta gaya masa, Kanawa za su ga abin da ba su taɓa gani ba, za su san 'yar Ruwais ba daga bola aka tsinto ta ba. Hajara ta ce, "Inna, ki bari sai abu ya zo hannu." Ta ce mata ta rufe mata baki.

Ta sa aka kira mata Lama a waya, autar Sitti, wadda ta goya a bayanta tun tana tsumma. Lama ta yi murna ƙwarai da jin muryarta. Ta ce sarƙar Mama ai tana wani gidan tarihi a tsohon gari, sun ba da ita can, Dada, sunan da take kiran Lubabatu da shi, ta zo ranar Asabar bayan la'asar za ta same ta a wurin. Lubabatu ba ta ambaci aro ba, don ba a yin wannan magana ta waya. A ganinta gidan tarihi gida ne kamar kowane gida, an kai ajiya, kuma mai ajiya yana da kunya. Ta cika faranti da alawa, ta rufe da sabon ƙyalle, ta ce wa matan layi su zauna da shiri.

Zakiyya ce ta raka ta a tasi. Gidan tsohon gini ne mai tagogin katako, an gyara shi fes, sanyin na'ura na ratsa ƙashi. Mai gadi ya tare farantin ya ce ba a shiga da abinci. Suna cikin haka Lama ta fito da gudu, ta rungume tsohuwar, ta sumbaci goshinta.

"Dada! Habibti! Bar ta ta shiga da shi, wannan ita ta raine ni."

Suka bi ɗakuna. Ga wuƙaƙen masu nutso, ga ɗan abin da suke matse hanci da shi, ga ma'aunan tagulla ƙanana. Lama na ta bayani, Lubabatu ba ta jin ko ɗaya. A ɗakin ƙarshe ta gan ta. Tana cikin akwatin gilashi, fitila na haska ta, an ɗaura ta a wani wuyan baƙin karan-miski da ba kai ba kafaɗa. Wasu 'yan mata na tsaye suna ɗaukar hoto. Sai kishi ya kama Lubabatu. Kishin guntun katako da aka naɗe da ƙyalle take yi, ta kuma san haka, ta ji kunyar kanta.

Ta daure ta gyara mayafi, ta miƙa wa Lama farantin da hannu biyu. Lama ta ɗaga ƙyallen ta ce, "Allah! Alawa! Shukran, Dada." Ta ɗauki ɗaya ta kai baki. Ba ta san me farantin yake cewa ba.

Dole Lubabatu ta buɗe baki ta yi abin da iyayen amare ba sa yi.

"'Yata, wannan Zakiyya ce, jikata. Aurenta ya zo. Na zo aron sarƙa, dare ɗaya. Ni zan zauna a bayanta, da safe in dawo da ita da hannuna."

Lama ta daina tauna. Ta dubi gilashin, ta dubi tsohuwar.

"Ya Dada, ai ba ta fita. Shi ke nan, ta zama ta gidan nan. Ni kaina ba ni da ikon taɓa ta, wallahi ko Mish'al."

"Mahaifiyarki ta yi mini alkawari. Ta riƙe hannuna, ta rantse, ta ce jikata ce za ta sa."

Sai Lama ta yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, da ma ita ce da ta fi sauƙi. Dariyar ƙauna ce, ta 'yar da aka tuna mata halin uwarta, har ta share ƙwalla da gefen yatsa.

"Allah ya jiƙan Mama! Haka take, ba ta iya cewa a'a. Ta faɗa wa mai girki, ta faɗa wa matar direba, har mai yi mata lalle ta yi wa wannan alkawarin. Kowa ya zo sai ta ce jikarki ce za ta sa. Zuciyarta fara ce, Dada, kin fi kowa sani."

Lubabatu ta ce, "Haka ne."

Ta tsaya tana kallon bakin Lama yana motsi. Wai za ta aiko wa amarya da turare mai tsada, wai su tsaya a jikin gilashin ta ɗauke su hoto, wai akwai masu kama da sarƙar a ɗan shagon ƙofa, ba mai ganewa. Zakiyya, wadda Hausa ke yi mata nauyi a baki, ta kama hannun kakarta ta matse.

"Kaka, yalla. Mu tafi. Ni ban so abin nan, wallahi ban so."

Ƙarya take yi don ta rarrashe ta, Lubabatu ta sani, don ta ga yadda idon yarinyar ya yi lokacin da suka shigo ɗakin. Ta yi wa Lama godiya, ta ce a gaishe da Mish'al, ta ƙara godiya. Lama ta sa aka juye alawar wa ma'aikata, ta mayar da ƙyallen a kan farantin da kyau, ta miƙa mata, ta raka su har bakin titi.

Suka shiga mota. Lubabatu ta ɗora farantin a cinya. Ba rashin sarƙar ne ya fi ci mata rai ba. Ta yi zaton maganar nan tata ce ita kaɗai, ladan wuyanta, abin da aka ba ta a madadin ranar da ta bar mijinta a gadon asibiti. Ashe gaisuwa ce, irin wadda ake yi wa duk wanda ya shigo. Baƙin ciki ya cika ta har ta rasa wanda za ta ji haushi, matacciya ko kanta.

Motar na karyo kwanar layinsu ta hango su. Matan sun cika ƙofar gida, sun ci ado, Hajara na tsakiya. Wata ta leƙo ta gilashin mota ta ga faranti a rufe a cinyar tsohuwa, ta dafe hanci ta rangaɗa guɗa. Sauran suka ɗauka, layin ya kaure.

Direba ya fara rage gudu. Lubabatu ta damƙi gwiwar Zakiyya.

"Ce masa ya wuce."

"Kaka?"

"Ce masa ya wuce, na ce."

Motar ta wuce ƙofar, guɗar na bin su a baya, wasu har suna ɗaga hannu suna kiran direba wai ya yi kuskuren gida. Da suka fita babban titi direban ya dubo ta madubi ya tambayi inda za shi. Zakiyya ta juyo.

"Kaka, wai ina za mu?"

Lubabatu ta buɗe baki. Gida biyu ta sani a duk faɗin Jidda, nata da suka wuce da na Bagdadiyya da ya zama ofisoshi. Ta riƙe farantin gam, ta ce ya dai yi ta tafiya.