Baƙin Inna na Cikin Gilashi

Ko nawa zan tsufa, ba na jin zan manta da shekarar da aka bar mana amanar kifaye a gidanmu na Filinge. Aminin maigidana, wani mai sayar da magani, zai tafi aikin hajji, sai ya sa ƙarti suka kinkimo mana wani ƙaton akwatin gilashi cike da kifayen ado. Mu kuwa a garin nan kifi sai busasshe a cikin miya muka fi sani. Akwai wani babban ja a cikinsu da ya raina tun yana kamar ɗan yatsa, a kansa ya yi ta jaddada amana har ya shiga mota.

Ba a daɗe ba ruwan ya fara yin fari-fari, ƙananan kifin suka soma mutuwa. Maigidana tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, bai taɓa ganin matsalar da ba ta da bayani ba. Ya sa tabarau, ya zagaya akwatin, ya yanke hukunci cewa ɗan injin tace ruwan da aka haɗo da shi ya yi ƙanƙanta. Daga ranar ba mu sake jin wata hira a gidan ba. Kullum yana waya da wani mai kanti a Yamai: a ɗauki na soso da ake nutsarwa ciki, ko wanda ake ratayawa a baki, ko babba mai kama da tukunya da ke zama a ƙasa, ruwa ya bi ta tiyo ya ratsa soso da gawayi da tsakuwa ya komo.

Na ce masa, "Malam, in dai soso da gawayi ne, ai ga su nan a madafa." Harara kawai na samu. Babban injin ya zaɓa, har da batir saboda ɗaukewar wuta, aka ɗauro shi a saman mota ana lallaɓawa kamar kayan amarya.

Injin ya yi aikinsa, ban zalunce shi ba. Da yamma ruwa tas, amma kafin hantsi ya koma kamar ruwan tsarin shinkafa. Ran da jan kifin ya taso sama yana buɗe baki da ƙyar, na daina tsokana. Na ga maigidana zaune ya yi tagumi, yana cewa da wane ido zai dubi amininsa. Wallahi ya ba ni tausayi.

Washegari ya fasa zuwa gaisuwar da yake fita kowace safiya, muka shiga ɗakin baƙi tare. Sai ga Inna, mahaifiyarsa da ta zo mana daga ƙauyensu na wajen Tabla, tsaye gaban akwatin da ƙwarya, tana tsiyaya musu fura da ludayi, hankalinta kwance.

"Inna, mi kike yi haka?"

"Baƙinka nike ba karin kumallo," in ji ta. "Na gane ka kana barbaɗa musu ɗan abu kamar gishiri. Ni ban haihi marowaci ba. Dubi yadda suke buɗa baki, yunwa ta."

Ashe tun da aka kawo su, da ya sa ƙafa waje take cika musu ludayi, har da ƙari ranar Juma'a. Mutumin da ya yi ta yi mana lacca a kan gawayi ya cire tabarau ya shiga gogewa, don ba a yi wa uwa faɗa. Ni kam zani na toshe baki da shi na fice.

Aka canza ruwa, maigidana ya lallashe ta da cewa cikinsu bai kai ƙwayar gero ba, ya kuma damƙa mata gwangwanin abincinsu ta riƙa ba su da kanta. Jan kifin ya rayu. Da alhaji ya dawo ya same shi yana ta iyo, ya shiga yabon injin, Inna ta katse shi: "Alhaji, ɗauke abinka, gidan ga ba su ƙoshi."

Tun daga lokacin, in ruwa ya gurɓace, na akwati ne ko na zaman gida, ba na fara tambayar abin da zai tace shi. Sai na fara duba wa ke zuba masa fura, don sau da yawa mai ƙauna ne.