Matar da ta Zauna kan Akwatin Hular Kwano

Kafin ƙarfe shida na safe, tsohuwar motar Lorene Tackett ta riga ta tsaya a bayan filin ƙwallon Amurka, irin wanda ake sa hular kwano, na kwalejin Cutler Gap. Shekara talatin da huɗu ke nan haka take. Za ta buɗe ɗakin kaya, ta kunna injinan wanki, ta haɗa gahawarta baƙa ƙirin, sannan ta bi hulunan kwanon 'yan wasa guda casa'in ɗaya bayan ɗaya. Ta latsa soson ciki da babban yatsa, ta ja maɗauri, ta ƙara iska a wadda ta sace. Babu kan da ya ratsa ƙungiyar nan ba ta auna shi da hannunta ba.

Ga faɗa kuma. Ƙato ya miƙo mata safarsa, sai ta riƙe ta nesa da hanci ta ce, "Ɗana, wannan safa ce ko mushen ɓera?" Duk da haka ɗakinta suke tarewa su yi hira. Mama Lorene suke ce mata, har waɗanda suka yi furfura yanzu.

Wannan watan ta ajiye aiki, kuma ba a maganarta a garin nan a tsallake kakar wasan 1998. A shekarar yaranmu suka ci wasa tara a jere, gari ya rikice. Mai jefa mana ƙwallo Jarvis Holcomb ne, yaro mai hannu kamar majajjawa, ga kai tubarkalla. Duk ɗakin kayan ba hular da ta shige shi, sai da Lorene ta sa aka ƙero masa tasa daga kamfani. Abokansa Kabewa suke kiransa, shi kuma ya amsa yana dariya.

Wasan ƙarshe ya faɗo wata Asabar da yamma a watan Nuwamba. Wanda ya ci shi ke ɗaukar kofin da muka shekara arba'in muna hange. Muna gaba da maki ashirin da ɗaya, su sha bakwai, sai wani jibgege ya yi sama da Jarvis ya maka ƙeyarsa da ƙasa. Ya miƙe, ya ɗaga wa jama'a hannu, fili ya ɗauki ihu. A bakin fili Koci Renfro ya nuna masa yatsu biyu, Jarvis ya ce biyu ne. A wancan zamani iyakar gwajin ke nan.

Lorene ta miƙa masa ruwa. Ya ce, "Mama, mahaifiyata ta zo kuwa?"

"Ga ta can. Ba kai ka zaunar da ita ba?"

Ya kurɓi ruwa, ya sake tambaya. A karo na uku ta lura yatsunsa na lalube a haɓa, sun kasa ɗaure maɗaurin da ya shekara huɗu yana ɗaurewa ido rufe.

"Kawo hular nan, ɗana, in duba ta." Ta karɓa, ta jefa cikin akwatin ƙarfen da take ajiye kayan gyara, ta kulle, ta zauna a kai. Doka dai kowa ya sani, ba mai shiga fili ba hula.

Koci Renfro ya taso kamar zai ci babu. "Lorene, ina hular yaron nan?"

"Tana ƙarƙashina, Koci."

"To tashi!"

"Ba inda za ni. Yaron nan ba ya cikin hayyacinsa."

"Ke likita ce? Wanki fa aka ɗauke ki yi!"

"Ai shi ma na iya. In hular kake so, sai dai ka ciccibe ni a gaban mutum dubu takwas."

Aka kawo hulunan wasu, duk wadda aka ɗora sai ta cije a kunne. Jarvis ya durƙusa gabanta yana cewa, "Don Allah, Mama, wasana na ƙarshe ne fa." Waɗanda ke kusa sun ce hawaye take yi shaɓe-shaɓe, amma ko gyara zama ba ta yi ba. Daga baya ta ce zagin koci bai taɓa ta ba, roƙon yaron ne ya ƙona mata rai.

Wanda ya canji Jarvis ya jefa ƙwallo a hannun abokan hamayya, suka ci maki bakwai da ita. Aka ci mu ashirin da huɗu da ashirin da ɗaya. Jama'a suka yi mata ature da kofunan takarda, aka yi mata ihu har ta bar fili. Mai wannan rubutu yana cikin masu ihun, kuma har yau yana jin kunyar abin. Ita ko ba ta bi ta kanmu ba. Mahaifiyar Jarvis ta nufa, ta riƙe mata hannu ta ce, "'Yar'uwa, kada ki kai shi gida. Asibitin birni za ki kai shi, yanzun nan."

Ranar Lahadi a majami'a ba wanda ya zauna a bencinta. Burodin masarar da ta kawo don cin abincin bayan sujada, wanda a da ake wawaso, haka ta koma da shi ba a yanka ba. Koci kuwa ya rubuta takarda a sallame ta. Litinin ta fito aiki ba ta san ko ranarta ta ƙarshe ba ce, ta wanke rigunan wasan da aka ce ita ta kayar.

Da rana labari ya iso daga asibiti. Jini ne ke taruwa a cikin kan Jarvis, har an yi masa tiyata. Likitan ya ce da an ƙara masa bugu ɗaya a filin nan, da wuya ya kai asibiti da rai.

Washegari Koci Renfro ya janye takardarsa, ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakin kaya yana murza hula. "Lorene, ni dai..."

"Koci, in ba ka da aiki, ga tawul can, ninke."

Ya zauna ya ninke guda ɗari biyu. Tun daga ranar, duk ɗan wasan da Lorene ta karɓi hularsa, ba kocin da ya sake buɗe baki.

Mama Lorene, ke ce kika ga abin da mu dubu takwas muka ƙi gani don muna son kofi. Ke ce kika san aikinki na iya tafiya, kika zauna daram. Uwar ƙarti, mai kula da kan 'ya'yan wasu! Mun gode, kuma ki yafe mana. Ku kuma da ke riƙe da ƙananan ayyuka a gefen fili, ko a makaranta, ko a masana'anta, in kun ga ran ɗan wani cikin haɗari ku tsaya kai da fata, ko da gari duka zai juya muku baya.

A walimar sallamarta Jarvis ya zo, malamin sakandare ne yanzu, da 'ya'yansa mata uku. Aka ce ya ba da labarin wasan. Ya karɓi makirufo, ya juya ga Lorene.

"Mama, ban tuna komai na ranar nan ba, ko minti ɗaya. Amma ranar da aka haifi kowace cikin yaran nan ina wurin, kuma duk na tuna."